Kafin a Kira Ta Juya, a Auna Mijin

Akwai wani ɗan'uwanmu a nan Kance da ya auri mata uku cikin shekara goma sha ɗaya. Ta fari ya sake ta bayan shekara biyar, aka ce juya ce. Ba ta cika shekara biyu a ɗakin sabon mijinta ba, can wajen Matamaye, ta haifi ɗa namiji, har muka je suna. Ta biyu ma ta fita, ita ma ta haihu. Ta ukun tana nan tana shan jiƙe-jiƙe da rubutu, uwar miji na yi mata habaici safe da yamma. Duk unguwa ta iya wannan lissafi, amma ba wanda ya taɓa ce masa: Yaya, je ka a auna ka. Ni ma ban faɗa ba sai bara, kuma ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata.

Ra'ayina a fili yake: idan aure ya shekara babu ciki, miji ya kamata ya fara zuwa likita, ko su tafi tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace kan haifi ƴaƴa 7.6 a matsakaicin lissafi, ku auna nauyin da ke kan wadda ba ta da ko ɗaya. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta yi fim a kan wannan raɗaɗi a 2016, mai suna L'Arbre sans fruit, wato itaciya marar ƴaƴa, inda ta fito da nata labarin. Mace ce ta yi wannan ƙarfin hali. Mu maza har yanzu muna bayan zana.

Kuma ba wai ilimin sabo ba ne. Tun 1677 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba maniyyi da madubin da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu masu wutsiya suna iyo. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinta na farko kan yadda ake gwajin maniyyi, bugu na shida ya fito a 2021. Ana duba yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. Idan suka yi ƙasa da kimanin miliyan 16 a mililita ɗaya, likita zai fara bincike. Gwajin babu allura, babu yanka: mutum ya ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ya ba da ruwan, shi ke nan. Ku kwatanta da irin awon da ake yi wa mace, mai tsada da zafi.

Inda maza suka fi ruɗewa shi ne haɗa ƙarfi da haihuwa. Mutum zai buga ƙirji ya ce shi lafiyarsa lau, iyalinsa shaida ce. To, ruwa daban, ƙwaya daban. Namiji na iya gamsar da mata huɗu alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ruwansa. Masu tallar maganin ƙarfin maza da lasifika ranar kasuwa sun san muna da wannan ruɗani, shi ya sa kasuwarsu ba ta faɗuwa. Abin takaici, allurar sinadarin testosteron da wasu ke yi don ƙarin kuzari tana sa maraina su rage yin ƙwayoyin, ko su daina.

Magani kuwa ya yi nisa. An haifi Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da ƙwayar ubanta a wajen jiki. A 1992 likitoci a birnin Brussels na Beljiyam, cikinsu har da Gianpiero Palermo, suka zo da dabarar da ta canza lamarin maza: a ɗauki ƙwaya guda tak da siririyar allura a cusa ta cikin ƙwan mace. Daga nan wanda ƙwayoyinsa ba su taka kara sun karya ba, har da wanda sai an tsamo su daga maraina, ya samu hanya. Tun 1980 Azhar ta Masar ta ba da fatawar halaccin irin wannan aiki matuƙar tsakanin miji da matarsa ne, babu ƙwayar wani. Na san abin da za ku ce: wa ke da kuɗin? Gaskiya ne, albashin malamin firamare na shekara ba lalle ya biya gwaji ɗaya a Abuja ko Tunis ba, kuma ba kowane gwaji ke yin nasara ba. Amma ba kowa ke buƙatar zuwa can ba. Kumburin jijiyoyin maraina, wanda yana cikin sanadin da aka fi gani, tiyata ake yi masa. Ciwon sanyi idan aka tare shi da wuri da maganin likita ba ya kai ga toshe hanyar maniyyi. Da yake jiki na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala sababbin ƙwayoyi, ko zazzaɓi mai zafi na iya ɓata sakamako, shi ya sa ake maimaita gwajin bayan wata uku kafin a yanke magana.

Abin da ya fi shafar mu malamai da iyaye shi ne wani ɓangare na matsalar yana farawa a gabanmu, tun yaro na aji. Jariri da aka lura maraininsa ɗaya bai sauko ba, a kai shi likita tun bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, kada a jira kaciya. Yaron da ya ƙwalla ihu don ciwon maraina farat ɗaya, wataƙila murɗewa ce, kuma sa'o'i shida na farko su ne na ceto, ba lokacin shafa man zafi ba ne. Hangum idan ya kama wanda ya balaga yana iya sauka ƙasa ya kumbura maraina. Tsargiya kuma, da yaranmu ke kwasowa a tafkuna, har wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar zama namiji, ba mafitsara kaɗai take taɓawa ba, tana kai wa ga hanyoyin maniyyi. Duk shekarar da aka kawo ƙwayoyin maganinta lakwal, sai na yi ta bin wasu iyaye kafin su yarda ƴaƴansu su sha, wai don kada a hana su haihuwa. Ga kuma samarinmu da ke feshi a lambu ba safa ba takunkumi. A 1977 an gano ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari mai suna DBCP a Kaliforniya ta Amurka sun daina haihuwa saboda shi. Ban ce kowane maganin feshi haka yake ba, amma mu da ke saye a kwalbar da ba rubutu, da me za mu bambance?

Wasu za su ce haihuwa ta Allah ce. Haka ne. Ai ta Allah ce kuma lokacin da ake jan matar daga wannan mai magani zuwa wancan, ana sayar da akuyarta.

Ɗan'uwan nawa dai ya je Damagaram bayan ƙaramar salla, shi kaɗai, ya ce wa gida zai sayo kayan babur. Bai gaya mini sakamakon ba, ban kuma tambaye shi ba. Na dai lura maganar aure na huɗu da aka fara ta mutu, kuma matarsa ta daina jiƙa saiwoyi.