Sarauta Baƙuwa Ce a Ƙasar Arewa

Ra'ayin da ya yi kaka-gida a Dogon Dutsi da Tibiri shi ne wai biyayya ba tambaya gadon kakanni ce: shugaba ya faɗa, talaka ya ce ranka ya daɗe. 'Yan siyasa sun fi kowa son wannan zance, musamman bayan an ƙidaya ƙuri'a. Tarihin Arewa kuwa, wato ƙasar da garuruwan nan suke, ya ƙaryata shi.

Gubawa su ne 'yan ƙasa, su suka fara zama a Dallol Mawri, cibiyoyinsu Lugu da Bagaji. Arawa masu sarauta daga baya suka zo. Labarin baka ya ce Ari, ɗan sarkin Barno, ya auri 'yar Baura, shugaban Gubawan Bagaji, ta haifi Akazama, wanda sarakunan Arewa ke jingina asalinsu gare shi. Ashe sarki ɗan 'ya ne a gidan masu ƙasa. Doki da takobi nasa ne, amma ƙasa da al'adun damina na hannun kawunnansa. Ba shi ke naɗa Baura ko Sarauniyar Lugu ba. In ɗayansu ya rasu, tarkama ake yi, a ɗauki gawar, wanda ta nufa shi ne magaji. Shari'ar da ta gagara kuma gaban dutsen Tunguma ake kai ta. Da rundunar Faransa ta Vule da Shanwan ta iso a 1899, Sarauniya Mangu ta tare ta a Lugu, ba ta jira umurnin wata fada ba.

Talaka ma yana da makaminsa, wato ƙafarsa. Daji yana da yawa, wanda aka matsa wa sai ya kwashe iyalinsa ya sari sabon wuri, sarki ya wayi gari da kango.

Mulkin mallaka ne ya birkita wannan ma'auni. Nasara ya yanka ƙasa kanto-kanto, kwamanda ke naɗawa da tuɓewa, sarki ya koma mai tara lanho da kamo mutane aikin dole, wanda sai 1946 aka soke shi. Daga nan idon shugaba ya koma sama, ya bar duban ƙasa. Wannan ɗabi'a ce ake sa wa rawanin gargajiya yau. Ko yanzu masu gari ke zaɓen sarkin kanto, gwamnati ta tabbatar da shi, ita ce kuma ke biyansa.