Tayar da Ba Ta Cinyewa, Mai Ita Take Ci

Makon jiya ɗan yayata ya dawo daga Gusau hannu a naɗe, gwiwa a ɗaye, a kan tsohuwar Honda CG125 da ya gada daga mahaifinsa. Yayyafi aka yi, ya zo kwana, ya ɗan taɓa birki, sai babur ya zame daga ƙarƙashinsa. Da na durƙusa na duba tayar gaba, zanenta raɗau kamar yau aka sayo ta. Na danna farce, robar ta ƙi lotsawa, ta yi tauri kamar ƙaho. A gefenta an buga 1412, wato an yi ta a mako na 14 na shekarar 2012. Bara aka sayar masa da ita a matsayin sabuwa, mai shagon yana cewa, "Wannan sai ka gaji da ita."

Wannan maganar ce take ƙona mini rai, domin da ita ake yaudarar masu tsofaffin babura a kowace kasuwa. An cusa mana cewa taya mai kyau ita ce wadda ba ta cinyewa. Ƙarya ne! Taya tana kama kwalta ne saboda robarta tana da laushin da zai cusa cikin ƙananan ramukan titi, kuma a wannan kamun take ɗan zaizayewa. Wadda ta shekara biyar ana tafiya da ita ba ta rage ba, ta daina riƙe hanya ne. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace tayar babur bai wuce faɗin katin ATM ba. A kan wannan ɗan wurin ran mutum yake, da na matarsa da ya goya, da buhun da ya ɗaure a baya.

Roba kuwa tana tsufa ko ba a hau ta ba. Zafi da rana da iska suna busar da ita, mu kuma a nan ana jera tayoyi a bakin shago su sha ranar Afrilu shekara da shekaru. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta, komai kyan zanenta. Tun shekarar 2000 lambobi huɗu ne ke nuna ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Mai shagon da ya san wannan ya yi shiru, ya ci amanar mai saye. Wanda bai sani ba kuma, me ya kai shi sayar da taya?

Akwai tayoyin doguwar tafiya na gaskiya, kuma ban ƙi su ba. Da yawa ana yi musu tsakiya mai ɗan tauri don miƙaƙƙiyar hanya, gefe kuma mai laushi don kwana. Amma ko su ba a ɗora su a kan kowane babur haka kawai. Misali, tayar radiyal ba ta bazu a baburan titi ba sai a ƙarshen shekarun 1980. Michelin ta fitar da tata a 1987. Da yawa daga cikin baburan da aka ƙera kafin nan, har da Honda CB750 ta 1969 mai tayar gaba 3.25-19 da ta baya 4.00-18, an auna jikinsu da shakazobansu ne da siririyar taya mai zare a gicciye, da rim mai waya, da tub a ciki. CG125 da ta fito a 1975 ita ma a wannan gidan take.

Sai ka ga yaro ya cusa ƙatuwar taya a kan siririn rim don babur ya yi kwarjini. Rim ya matse ta, bayanta ya tsuke ya yi ƙozo, babur ya riƙa faɗawa kwana ba da izinin mai shi ba, a miƙaƙƙiyar hanya kuma kai ya kama rawa. Wani ya haɗa radiyal a gaba da mai zaren gicciye a baya. Wani ya bar ta baya ta lafe a tsakiya saboda doguwar tafiya, in ya kwanta a kwana sai ya ji kamar ya hau dakali. Ga mai faci yana auna iska da bugun yatsa, ga tsohon tub mai faci bakwai an mayar cikin sabuwar taya. Tsohon babur da boris ɗin kansa ya saki ba ya yafe ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na san kuɗi sun yi wuya. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, kasuwar taya ta dogara da abin da aka shigo da shi, mai kyau da shara duk a gauraye. Doka ta hana shigo da tayoyin gwanjo, amma ga su nan jibge a fili. Ina kira ga hukumar kula da ingancin kaya, SON, da kuma ta kiyaye haɗurra, FRSC, su shiga shagunan tayar babur su karanta waɗannan lambobi huɗu, su kwashe abin da ya mutu. Sai dai araha ba ta ado, kuma mutumin da ya samu kuɗin fenti da sabon salansa ba shi da bakin cewa taya ta fi ƙarfinsa.

Masu zuwa dubiya suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Wanda ya sayar da tayar 2012 da sunan sabuwa bai isa ya fake da ƙaddara ba, haƙƙin wannan yaro yana wuyansa.

Da aka cire tayar, mai faci ya ce, "Alhaji, bar mini ita, ai da sauranta." Na karɓi wuƙarsa na tsarge ta gida biyu a gabansa, don kada gobe ta koma ƙarƙashin ɗan wani.