Sanin Duniya: Na'urar da ke ganin ruwa ƙarƙashin kurmi

A tsakiyar Afirka, tsakanin ƙasashen Kwango biyu, akwai wani babban kurmi wanda ruwa ke kwance gindin itatuwansa. Ganye da rassa suna faɗawa cikin ruwan, amma ba su ruɓewa sarai. Shekara fiye da 10,000 ke nan suna taruwa, har sun zama baƙar laka. A wasu wurare zurfinta ya wuce mita 5.

Muddin lakar tana jiƙe, ba ta da illa. Idan ta bushe, sai ta ci wuta kamar busasshen kashin shanu. Wutar tana bi ta ƙarƙashin ƙasa, tana da wuyar kashewa. Haka ya faru a ƙasar Indunusiya a shekarar 2015. A can an gina magudanai, an tsane ruwan kurmi don a shuka kwakwar manja. Gobara ta ci ekta miliyan 2.6. Hayaƙi ya sa an rufe makarantu, mutane da yawa sun kamu da ciwon ƙirji. Irin wannan hayaƙi yana ƙara zafin duniya, zafin da manoma da makiyaya suke ji a jikinsu.

To, yaya za a tsare kurmin da ba shi da hanyar mota, kuma girgije ya rufe shi kusan kullum? Hoto daga sama ba ya ratsa girgije. Rada kuwa tana ratsawa, dare da rana.

Rada na'ura ce da ake ɗora wa tauraron ɗan Adam. Aikinta kamar na mai kira ne cikin rijiya, yana sauraren muryarsa ta komo. Tana aika saƙo ƙasa, ta jira ya dawo. Inda ruwa ke kwance, saƙon yana dukan ruwa, ya daki gindin itace, ya komo da ƙarfi. Inda aka sare kurmi, ko ruwa ya janye, amsar tana sakewa. Da haka masana suke gane wurin da ɓarna ta soma.

Amma rada ba ta faɗin zurfin laka. Sai da masana na Ingila da na Kwango suka shiga kurmin da ƙafa, suna soka doguwar sanda suna aunawa. Sun haɗa awonsu da na rada ta ƙasar Japan. A 2017 suka ce faɗin lakar ya kai murabba'in kilomita 145,500. A 2022 sabon awo ya ba da 167,600, wato jihar Maraɗi sau huɗu.

A 2018, a birnin Barazabil, Kwango biyu da Indunusiya sun sa hannu a kan alkawarin tsare irin wannan kurmi. Rada tana nuna inda ruwa ya ragu. Hana gina magudanai kuwa aikin hukuma ne da mutanen wurin. Rigakafi ya fi magani.