Sharhi: Jaruman Damagaram na kwance, a zana su kuma a riƙe takardunsu

A Matameye, matashi ba ya buƙatar gidan sinima kafin ya san Spider-Man ko Black Panther. Masu tura finafinai a waya sun wadatar da shi, ga na Amurka, ga na Indiya da ake fassarawa a Kano. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto ta faɗa Daura, wato yana tsakanin manyan rumbunan tarihin Hausa guda biyu. Duk da haka, matashin da zai iya lissafo jaruman Marvel goma zai sha wuya kafin ya ce ga yadda Sarki Tanimu ko Bayajidda yake a hoto, domin ba a taɓa sa masa su a gaba ta hanyar da ta ja hankalinsa ba.

Idan hira ta biyo ta nan, fatan da aka fi ji shi ne wata rana wani babban kamfani ya zo ya yi fim ɗin jaruman nan. Fatan ba laifi ba ne, sai dai tarihin waɗanda ake kwaikwayo ya nuna cewa ba daga fim ake farawa ba, kuma ba kowane mai jarumi ne ke cin moriyarsa ba.

A 1938, matasa biyu da suka ƙirƙiro Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Sun shafe shekaru suna shari'a da talauci yayin da wasu ke kwasar dukiya da abin da suka zana. Kamfanin Marvel ma ya shiga irin wannan halin. Matsin kuɗi ya kai shi ga karyewa a 1996, a shekarun nan kuma ya saki haƙƙin yin fim na manyan jarumansa: X-Men suka tafi hannun Fox, Spider-Man ya tafi hannun Sony, inda yake har yau. Ciniki ne irin na manomin da yunwa ta sa ya sayar da hatsinsa tun yana tsaye a gona.

Abin da ya ceci Marvel shi ne jaruman da aka raina. Da ya tashi yin finafinan kansa, sai ya ɗauko Iron Man a 2008, wanda a lokacin ba ya cikin sahun farko. Shekara ɗaya bayan haka Disney ya sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan 4. Black Panther, da aka fara zanawa tun 1966, sai a 2018 ya samu fim nasa, ya tara fiye da dala biliyan 1.3. Kowannensu ya yi shekaru a takarda, yana da fuska da tufafi da masu karatu, kuma an san mai shi a rubuce.

Nijar ta taɓa ɗanɗana yadda labarin gida ke tafiya waje. Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa kan Sarauniya Mangu ta Lugu a 1980, matar da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986. An tsara ɗaukarsa a Nijar, amma a ƙarshe a Burkina Faso aka yi shi, 'yar wasan can Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Fim ne mai daraja, amma aikin yi da ƙwarewar da ya samar a wata ƙasa suka zauna.

A Najeriya kuwa, Roye Okupe ya gina labarin zane na Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, sannan wani labarinsa, Iyanu, ya zama katun da tashar Cartoon Network ta fara nunawa a 2025. Kamfanin Kugali ya haɗa gwiwa da Disney suka fitar da Iwájú a 2024. Babu wanda ya yi wa Hausawa sata a nan. Sun zana, sun riƙe takardunsu, masu kuɗi suka same su da kaya a hannu.

Kayan da ke kwance a wannan yanki ba kaɗan ba ne. Akwai Tanimu, sarkin Damagaram da ya kewaye birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa manyan bindigogi, ya rasu a 1884. André Salifou, ɗan Damagaram, ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa da Faransanci, amma yara nawa ne a gundumar Kance suka taɓa ganinsa? Akwai Amadu Kuran Daga da yaƙin Tirmini na 1899. A tsallaken iyaka akwai Daurama da rijiyar Kusugu. Akwai Gizo da Ƙoƙi, da Auta da Dodo, waɗanda kowace kaka ta san su. A littafi akwai Ganɗoki na Bello Kagara da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, dukansu tun 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Akwai kuma filin kokawa, inda kowace shekara ƙasa baki ɗaya ke zuba ido ta ga wa zai ɗauki takobi.

Ba za a ce ƙasar ba ta da gadon wannan sana'a ba. Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka tun shekarun 1960, da kayan aikin da wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi su ƙarfi. Oumarou Ganda ne ya fara karɓar babbar kyautar FESPACO a 1972. A kusa-kusa, fim ɗin Mai Martaba da Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024 a Daura aka ɗauke shi, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Matameye.

Fim ɗin tarihi yana cin kuɗi: dawaki, tufafi, ɗaruruwan mutane, gina fada. Shi ya sa Kannywood, wadda ta soma da Turmin Danya a 1990, ta fi karkata ga labaran gida da soyayya. Labarin zane kuwa mutum biyu sun isa, marubuci da mai zane. Shafi takwas a wata, da Hausa, a tura ta WhatsApp da Facebook, ya isa a gane ko jarumi zai karɓu. Idan ya karɓu, katun na minti biyar zai biyo baya, sannan a yi maganar fim da ƙarfin gwiwa.

Nan ne maganar takarda ta shigo. Gizo na kowa ne, amma siffar da mai zane ya ba shi da labarin da marubuci ya tsara nasu ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar ta 2010 ta haɗa har da al'adun gargajiya, kuma akwai hukumar BNDA da aka ɗora wa kula da haƙƙin masu fasaha. Ya kamata marubuci da mai zane su rubuta rabon da ke tsakaninsu tun shafin farko, kafin kuɗi su shigo su ɓata zumunci. Duk wanda ya zo neman izinin yin fim, a ba shi haya ta shekaru ƙayyadaddu, da sharaɗin cewa idan bai yi ba haƙƙin ya dawo. A rubuta kaso a cikin riba, a rubuta wa ke da ikon fassara da sayar da riguna da kayan wasan yara. Gonar da aka ba da haya tana dawowa, wadda aka sayar ta tafi. Haka nan mai son taɓa Ganɗoki ko Ruwan Bagaja ya nemi izinin masu haƙƙinsu, domin wanda bai girmama takardar wani ba, ba shi da bakin kare tasa.

Akwai kuma amanar tarihi. Sarakunan ƙarni na 19 sun yi yaƙe-yaƙe, sun kama bayi, kuma jikokin waɗanda aka ci da yaƙi suna nan da ransu a ɓangarorin iyaka biyu. Mai zanen da ya wanke jarumi tas ya yaudari masu karatu, wanda ya ɓata shi don neman suna kuma ya tayar da husuma. Fada da malaman tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram suna kusa, a tambaye su.

Mazauna waje suna da rawar takawa. Yankin Kance ya yi suna wajen tafiya ci-rani, kuma har yanzu ba a manta da mutum 92, akasarinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a 2013 ba. Labarin zane ba zai tsayar da hijira ba, amma sana'a ce da za a iya yi daga gida a sayar a ko'ina. Mai son 'ya'yansa da ke tasowa a Legas ko Faransa su riƙe Hausa, ya biya kuɗin shafi ɗaya, ya sayi abin da aka fitar maimakon jiran a turo masa kyauta.

Hukumomi kuma ba a nemi su yi abin da ya fi ƙarfinsu ba. Gasar zane a makarantun sakandare na jihar, da ranar da jami'an BNDA za su sauko Matameye su bayyana wa matasa yadda ake rajista da yadda ake karanta yarjejeniya, sun isa somawa. Masu neman labarai daga Afirka suna ƙaruwa, kuma za su iso. Abin da ya rage shi ne su tarar da jaruman Damagaram a zane, da sunan masu su a rubuce.