Sabon Alkawari, Tsohon Littafi: Gyaran Jinginar Gida a Amurka

A jihohi da dama na Amurka, irin su Kalifoniya da Teksas da Bajiniya, wanda ya ci bashin banki don sayen gida yakan sa hannu a kan takardu biyu. Ta farko alkawarin biyan kuɗi ce. Ta biyu kuwa takardar amana ce, wadda ta ɗora gidan a hannun wani amintacce na uku, da sharaɗin cewa in bashi ya gagara biyuwa, amintaccen na da ikon yin gwanjon gidan ba tare da an je gaban alƙali ba. A Kalifoniya, ana shigar da sanarwar gaza biya a ofishin gunduma, a jira wata uku, sannan a ba da sanarwar gwanjo ta aƙalla kwana 20. Shi ke nan, gida ya tafi.

Wannan takarda ta biyu ita ake kaiwa ofishin rajistar filaye na gunduma. Amurka ba ta da rajista ɗaya ta ƙasa. Gundumomi sama da 3,000 ne kowace ke riƙe da littafinta, sai 'yan jihohi kamar Konetikat da Bamont inda gari ke wannan aiki. Al'adar ta tsufa, domin tun 1640 Turawan da suka zauna a Masacusets suka kafa dokar rajistar filaye. Magatakardan ofishin ba ya binciken gaskiyar abin da aka kawo masa. Yana duba ko an shaida sa hannu a gaban jami'in rantsarwa, ko an bayyana filin daidai, ko an biya kuɗin rajista. Sai ya buga hatimi da kwanan wata da lokaci. Darajar littafin duka tana cikin wannan hatimi ne, domin in masu bin bashi biyu suka yi karo a kan gida ɗaya, galibi wanda ya riga shiga littafi shi ne ke fara ɗiba daga kuɗin gwanjo.

Matsalar tana tasowa ne idan rayuwa ta juya wa mai gida baya, ya koma banki neman sassauci. Banki na iya rage kuɗin ruwa, ko ya tsawaita wa'adi daga shekara 30 zuwa 40, ko ya tattara abin da ya taru ya ɗora a kan uwar kuɗi. Bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, gwamnatin Obama ta ɓullo da shirin HAMP a 2009 don irin wannan gyara, ya ci gaba har ƙarshen 2016. Sai dai ba kowace takardar gyara ake kaiwa gunduma ba. Wadda ba a kai ba tana aiki tsakanin mai gida da bankinsa, amma littafin jama'a yana nan yana faɗin tsohon zance.

Banki ya san lokacin da rajista ke masa amfani. In gyaran ya ƙara uwar kuɗi, kuma akwai wani mai bin bashi na biyu a kan gidan, kotu na iya hana ƙarin ya shiga gaban na biyun. Don haka banki kan nemi na biyun ya sa hannu cewa ya yarda ya ci gaba da zama a baya, sannan ya garzaya gunduma da takardun. In kuwa gyaran mai gida kaɗai ya sauƙaƙa wa, gaggawar takan ragu. Ga shi kuma bashin gida a Amurka haja ce: ana sayar da shi, ana sauya kamfanin da ke karɓar biyan wata. Mai gida da ke riƙe da kwafi ɗaya a aljihun tebur, shi zai yi ta fama ya gamsar da baƙon kamfani cewa an taɓa yi masa rangwame.

Masu cewa rajista ɓata lokaci ce da kuɗi suna da 'yar hujja, domin kowace gunduma da tsarinta da farashinta. Amma an riga an gwada hanyarsu. A tsakiyar shekarun 1990 manyan masu ba da bashin gida suka kafa kamfanin MERS, wanda sunansa ke zama a littafin gunduma yayin da bashin ke sauya hannu a rumbun kwamfuta na masu kuɗi. Da gwanjo ya yawaita, sai aka rasa gane wa ke da me. A 2010 ta bayyana cewa ma'aikatan wasu bankuna na sa hannu a kan dubban takardun rantsuwa ba tare da sun karanta ba. A Janairun 2011 babbar kotun Masacusets ta soke gwanjon gidaje biyu saboda US Bank da Wells Fargo sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a lokacin da suka sayar. A 2012 manyan bankuna biyar suka amince da sulhun dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Kuɗin rajistar da aka guje wa bai kai ko kusa da wannan ba.

Abin da ya dace shi ne doka ta wajabta wa mai ba da bashi shigar da duk wani gyara na dindindin cikin ƙayyadadden lokaci, kuma kuɗin ya fito daga aljihunsa, tunda shi ke da lauyoyi da ma'aikata. Kalifoniya ta riga ta ɗora irin wannan nauyi a kan banki da amintacce idan an gama biyan bashi: dole su shigar da takardar sakin gida cikin wa'adi, in ba haka ba su biya tara. Babu dalilin da zai sa gyara ya bambanta. Kafin a kai can, mai gidan da aka yi wa sassauci ya nemi kwafin da ke ɗauke da sa hannun banki, ba nasa kaɗai ba, bayan 'yan makonni kuma ya bincika sunansa a littafin gunduma ya ga ko lambar rajista ta fito.