Kafin a Sayar da Gona, a Duba Albashin da Ke Kan Takarda



Ikilisiyoyinmu ƙanana ne. Idan yaro ɗaya ya gama jami'a kowa ya san shi, domin da wuya a sami gidan da bai sa hannu a karatunsa ba. Saboda haka ran da ya zo da labari cewa an samo masa aiki a Ingila amma ana neman miliyoyi kafin takarda ta fito, maganar ba ta tsayawa a gidansu. Uba zai fara tunanin gona, ko ya kora shanun huɗa kasuwar Mai'adua, zumuntar mata ta taɓa asusunta, a kuma roƙi majalisar dattawa ta sanar da gudummawa. Roƙona shi ne kada kobo ya fita sai an ga albashin da aka rubuta wa yaron, an kuma gwada shi da abin da dokar ƙasar ta yanka. Zan yi maganar a kan likitocin gashi, waɗanda ake kira fisiyo, gama nasu lissafin a bayyane yake, kowa zai iya bi.

Wanda bai taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ba yana ɗauka aikinsu tausa ce kawai. Su ne ke koya wa wanda hawan jini ya kayar yadda zai sāke taka ƙasa, su lura da yaron da aka haifa bai iya riƙe wuya ba, su miƙar da gwiwar ɗan acaɓa bayan an cire masa filasta. A watan Agusta 2020 aka ba da shaida cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a cikin garuruwanmu, su ma gashi suke bukata. Karatun kuwa ba wasa ba ne: shekara biyar ko shida a jami'a irin Bayero ta Kano, da shekara guda ta koyon aiki a babban asibiti, da rajista a hukumar MRTB mai ba da lasisi, sa'an nan bautar ƙasa.

To, ga yadda dokar Birtaniya take. Tun Agusta 2020 suna da biza ta musamman domin ma'aikatan lafiya. Ba mutum ke nema wa kansa ita haka kawai ba. Sai asibiti ko kamfanin da gwamnati ta ba lasisi ya ɗauki nauyinsa, ya fitar masa da shaidar ɗaukar nauyi mai lamba, wadda a cikinta aka rubuta sunan aikin, da awoyin aiki, da albashi. Albashin nan yana da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. A Afrilu 2024 iyakar ta zama fam 23,200 a shekara, a Afrilu 2025 aka ɗaga ta zuwa fam 25,000. Amma ga likitan gashi akwai ma'auni na biyu, wato tsarin albashin asibitocin gwamnati na NHS, kuma wanda ya fi yawa a cikin biyun shi ake bi. Sabon likitan gashi mai rajista yana farawa a mataki na 5, wanda a Ingila a shekarar 2025 zuwa 2026 ya fara daga fam 31,049, a kan awa 37 da rabi a mako. Ko asibitin kuɗi ne ya ɗauke shi, wannan ma'aunin ne dai. Kowace shekara lambobin suna motsawa, saboda haka a duba na ranar da takardar ta zo.

Don a ga cewa ba a yin ciniki a kan wannan iyaka: a 2025 mataimakin likitan gashi da ke farkon mataki na 3 albashinsa fam 24,937 ne. Fam 63 kaɗai ya rage ya kai 25,000, amma wannan ɗan giɓi ya isa a ce ba za a ɗauko sabon mutum daga waje a kan wannan albashi ba. Idan asibitin gwamnatinsu bai iya tsallake fam 63 ba, yaya wani dillali a otal a Kano zai ce ya san hanyar da za a bi da albashin da bai kai ba?

Na ji masu cewa wannan doka ƙiyayya ce, an yi ta ne don a rufe wa baƙar fata ƙofa. Ban ce 'yan siyasarsu ba su da wannan nufi ba. Su da kansu sun faɗa a fili cewa suna so baƙi su ragu, shi ya sa iyakar sauran ayyuka ta tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a 2024, ta kuma koma 41,700 a Yuli 2025. Amma nufin mai doka dabam, amfanin da mu za mu ci dabam. Ma'aikacin da bizarsa ke ɗaure da mai aiki ɗaya ba shi da bakin yin gardama. In ya yi ƙorafi aka sallame shi, kwana 60 ake ba shi bisa al'ada ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Mutum a irin wannan hali, in babu iyakar da doka ta yanka, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa. Ita wannan lamba ita kaɗai ce abin da yake da shi a hannu wanda mai aikin ke tsoro, domin in aka kama shi yana biyan ƙasa da ita, lasisinsa ne zai tafi.

Mu kuma da ke nan gida, ita ce mudun da za mu auna gaskiyar takarda da shi. Mayaudara ba su cika rubuta ƙaramin albashi ba, sun fi wayo. Abin da suke yi shi ne su rubuta daidai, sa'an nan su karɓe ta bayan gida. Wani ya ce a biya kuɗin shaidar ɗaukar nauyi tun daga nan. Ku sani, kuɗin wannan shaida fam 525 ne tun Afrilu 2025, kuma tun ranar 31 ga Disamba 2024 an hana mai aiki ɗora shi a kan ma'aikaci. Duk wanda ya ce ku kawo miliyan goma ko ashirin na takarda, abin da ba na sayarwa ba yake sayar muku. Wani kuma sai yaro ya isa, albashi ya shiga asusunsa a ƙarshen wata, a ce ya ciro wani kaso ya mayar a hannu, wai kuɗin horo ko bashin tafiya. Wannan ma an toshe shi a Afrilu 2025: abin da ma'aikaci ya mayar wa mai aiki ta irin wannan hanya ana cire shi daga lissafin albashi, in ragowar bai kai iyaka ba an karya doka. Akwai kuma sharaɗin da ake ɓoyewa a shafi na ƙarshe, cewa in ka bar aikin kafin shekara kaza za ka biya dubban fam. Ba kowane irin wannan sharaɗi ne haramun ba, amma ƙa'idarsu ta ce ya zama a rubuce tun farko, ya yi daidai da abin da aka kashe da gaske, ya riƙa raguwa da tafiyar lokaci.

Hanyar da ta fi cin mutanenmu ita ce ta canja sunan aiki. A Birtaniya ba mai kiran kansa likitan gashi sai hukumar HCPC ta yi masa rajista, kuma rajistar tana ɗaukar lokaci da kuɗi da tarin takardu. Sai dillali ya ce wa yaro, me za ka jira, shiga a matsayin mai kula da tsofaffi, in ka isa ka gyara. Da yawa daga Nijeriya sun bi wannan hanya, wasu da digirinsu a jaka, suka isa suka tarar babu aikin, ko kuwa awa kaɗan ne a mako wanda ba zai biya haya ba. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Tun Maris 2024 aka hana masu wannan aiki tafiya da iyali, ranar 22 ga Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga ƙasashen waje. Wanda ya zo muku da wannan tayi yanzu, ƙofar da aka riga aka kulle yake nuna muku.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ma'aikatan lafiya suka yi wa ƙaranci ƙwarai. A jerin 2023 ƙasashe 55 ne, Nijeriya da Nijar duk suna ciki. Bisa ga wannan, ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a nan. Mutum yana da 'yanci ya ga talla ya nema da kansa, kai tsaye, amma ba a aiko wakili ya tara matasa yana rubuta sunaye. Wanda ya ce shi wakilin NHS ne a Katsina ko Kano, daga gabatar da kansa ya riga ya karya ƙa'ida.

Yanzu sai lissafin da ke ruɗa iyaye. A 2025 fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000, ke nan fam 31,049 ya haura naira miliyan 60 a shekara. Wanda ya ji wannan a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a wata a 2024, dole kansa ya juya. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. A cire haraji, da inshorar ƙasa, da fansho, abin da zai shigo hannu wajen fam 2,000 ne a wata. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku, a Landan ma ya fi haka, ga abinci, ga mota, ga kuɗin ɗumama ɗaki a lokacin sanyi. Mai cikakken albashi zai rayu, ya aiko da wani abu gida, amma ba zai fanshi gonar da aka sayar a shekara ɗaya ba. To, ina ga wanda ake zaftare wa rabi? Masu cewa ko nawa ne ai ya fi na gida, da naira suke lissafin shiga, sun manta da fam ake kashewa.

Sauran ƙasashe kowace da nata. A Amurka likitocin gashi suna cikin ayyukan da gwamnati ta amince akwai ƙarancinsu, amma dole mai aiki ya biya albashin da ma'aikatar ƙwadago ta ƙayyade wa wannan aiki a wannan yanki, kuma a Satumba 2025 aka ɗora dala 100,000 a kan sabuwar takardar bizar H-1B. A Saudiyya, inda ma'aikatan lafiya na arewa suka saba zuwa, babu wata iyaka ta gaba ɗaya da aka yanka wa baƙo, abin da ka sa wa hannu shi ne naka. Ga shi kuma daga Afrilu 2025 sun fara aiki da dokar cewa kashi 80 cikin ɗari na masu aikin gashi a asibitocin kuɗi su zama 'yan ƙasa.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar waɗannan yara tana yi mini ciwo. Tsohuwar da ta faɗi a Sandamu, in ta yi sa'a a kai ta Daura, in abin ya yi tsanani sai Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Gashi kuwa ba zuwa ɗaya ba ne, sau biyu ko uku ne a mako har watanni, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa a haƙura a koma wurin maɗori. Amma ba zan ce wa yaro ya zauna don kunya ba. A Agusta 2024 gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, duk da haka a Nuwamba 2025 ƙungiyar JOHESU, wadda likitocin gashi ke ciki, ta shiga yajin aiki a kan gyaran tsarin albashin CONHESS da suke nema tun 2014. Wanda yake so su zauna, can zai kai kukansa.

Abin da ke hannun dattawa shi ne ranar da aka kawo maganar gaban majalisa. A ce wa yaron, ɗana, kawo takardar rajistarka ta HCPC, ka kawo wasiƙar ɗaukar aiki mu gani. A kira wani ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta a cikin 'yan'uwa ya karanta ta da ƙarfi, ya fassara, har ƙananan rubutun. Sunan aikin likitan gashi ne ko wani abu dabam? Albashin ya kai mataki na 5 na wannan shekara? Awa nawa aka tabbatar masa a mako? Sunan mai aikin yana cikin jerin masu lasisi da gwamnatin Birtaniya ke bugawa a intanet? Duba jerin kyauta ne, da wayar hannu ma ana yi. In sunan yana ciki, a rubuta wa asibitin ta adireshin da ke shafinsa, ba ta lambar da dillali ya bayar ba, domin ana satar sunan asibitin gaske a buga a takardar ƙarya.

Idan duk wannan ya tsaya daidai, abin da ya rage na kashewa sananne ne: rajista, jarrabawar Turanci in an nema, gwajin tarin fuka, kuɗin biza, da tikiti. Masu wannan biza ba su biyan ƙarin kuɗin asibiti da ake ɗora wa sauran baƙi, wasu asibitocin ma suna biyan kuɗin jirgi. Kowanne a biya shi kai tsaye ga hukumar da ke karɓa, a karɓi rasit, kada a tura asusun wani mutum. Daga cikin gudummawar kuma ma'aji ya ware kuɗin tikitin dawowa ya ajiye a asusun ikilisiya har yaron ya cika shekara guda a bakin aiki, ya kuma aiko da takardar albashinsa ta wata uku na farko a gwada ta da abin da aka rubuta a wasiƙar.