Kafin ƙungiya ta sayi abincin dabbobi, ta fara sanin nawa ke zama a jiki

Ƴan uwa makiyaya, daga Dakwaro zuwa Tanut, da zarar bazara ta kama, maganar kowa ɗaya ce: nawa buhun dusa, nawa damin kara. Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Cikin abin da saniya ta haɗiye, nawa ya zama jini da nama da nono, nawa ya fita ta baya? Ra'ayina shi ne kada wata ƙungiya ta zuba kuɗin membobinta a rumbun abincin dabbobi sai ta nemi amsar wannan.

Lissafin da masu bincike ke yi ba shi da wuya. Suna ɗaure rago wajen mako biyu har cikinsa ya saba da abincin. Sannan na tsawon mako guda su auna abin da aka zuba masa, su cire abin da ya bari, su tara kashinsa su busar su auna. Abin da ya ɓace tsakanin baki da wutsiya shi ne jiki ya tsotse. Da irin wannan awo aka gano cewa a kilo 10 na busasshen karan hatsi, kilo 4 zuwa 5 kawai ke narkewa. Harawar wake mai ganye tana ba da wajen kilo 6, ɗanyar ciyawar farkon damina kuma tana kusan kai 7. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin abin da bai wuce kilo 6 da ɗan ɗori na busasshen abinci a yini ba. Tumbi ba ya ƙaruwa don abinci ya yi arha, saboda haka kowane kilo da ya shiga sai ya biya kuɗin wurinsa.

Dalilin wannan bambanci yana cikin tumbi. Ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke narkar da kara, kuma su ma sai sun samu sinadarin gina jiki, wato furotin. Idan furotin ɗin abinci ya gaza 7 cikin 100, aikinsu yana raguwa. Busasshen kara da ciyawar ƙarshen rani sau da yawa ba su wuce 3 zuwa 4 ba. Sai abincin ya daɗe kwance a tumbi, dabba ta kasa ƙara ci, ga ciki tim, ga haƙarƙari ana ƙirgawa. Ƴar harawa, ko tunkuza, ko ƴaƴan gawo a kan karan nan suna ciyar da halittun, sai karan kansa ya fi narkewa.

Za a ce mini makiyayi ba shi da ɗakin bincike irin na INRAN ko na ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai. Gaskiya ne. Amma yana da ido, kuma garkensa yana gabansa kullum. Ku duba kashin shanu da safe. Idan ya fito a bushe, ya yi tsibi mai gaɓa-gaɓa, da dogayen zaruruwa a ciki, abincin bai narke sosai ba. Idan ya zauna kamar kunu mai kauri, tumbi yana aiki. Idan ya tsinke da kumfa da tsami, ko hatsi da dusa sun yi yawa lokaci guda, ko akwai ciwo. Idan kun ga ƙwayar dawa sukutum, kuɗinku ne kaji za su tsince. A riƙa ɓarza ta. Bayan haka ku shafa gadon baya da gindin wutsiya, ku zagaya ƙirji da metir ɗin tela kowane mako biyu, ku auna nono da ƙwarya ɗaya kullum.

Wani lokaci laifin ba na abinci ba ne. Tsutsar ciki tana shan jinin tumaki da awaki. Ku buɗe fatar ido ta ƙasa, in ta yi fari fat, ko haɓa ta kumbura, a nemi ma'aikacin kiwo kafin a ƙara dusa. Leda da ta dunƙule a tumbi tana cinye wurin abinci. Tsohuwar saniya da haƙora suka zube ba ta tuƙa da kyau. Ƙishirwa tana rage ci. Dabbar da ke taunar ƙashi da tsumma tana nuna ƙarancin ma'adinai, musamman fosforas, wanda ƙasarmu ba ta da shi da yawa, kuma kanwa kaɗai ba ta maye gurbinsa. Ƴaƴan bagaruwa in sun yi yawa, baurinsu yana ɗaure furotin ya fita ba a mora ba.

Na san a shekarar fari babu zaɓe, abin da aka samu shi ake zubawa, kuma kara ya fi babu. Amma a irin wannan shekara ce kuskuren saye ya fi tsada, don kuɗin ba ya dawowa kafin ruwa ya sauka.

Ga abin da nake ba ƙungiyoyi shawara. Tun da kaka, lokacin da harawa ke da arha, a ware raguna goma masu kusan girma ɗaya, a ba su maganin tsutsa, a raba su biyu. Biyar su ci kara zalla, biyar su ci kara da ɗan ƙarin abin da ake son saye. A auna ƙirjinsu har mako shida, sakatare ya rubuta, a karanta a gaban taro. Harawa kuma a ɗaure ta tun tana da ganye, a ajiye a inuwa, don amfanin yana cikin ganyen. Wanda ya yi wannan awo da hannunsa, ɗan kasuwa ba zai sayar masa da girman dami ba.